Ruwan Gidan Makoki

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe 6:20 na safe

Ruwan sama na jiya milimita talatin da ɗaya. Shekara goma sha tara ke nan ina auna ruwan sama da gwangwanin da na kafa a tsakiyar lambuna, ina rubutawa a wannan littafi. Yau na juya shi na fara daga baya, don akwai abin da ba lamba ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Gershon, maigidana, yana ƙasa shekara shida. 'Yata Joanna tana makaranta a Jos, ba zan tayar mata da hankali ba.

Hellen ta rasu jiya da rana. Hellen mai ɗinki, wadda take tsayawa kusa da ni a ƙungiyar mawaƙan majami'a. Ranar Laraba muna tare a gidan makokin Baba Kaleb, tana tuƙa tuwon masara tana yi mini tsiya wai muryata ta riga ni tsufa. Baba Kaleb tsufa ne ya ɗauke shi, ya haura casa'in. Hellen shekararta arba'in da ɗaya. Amai, gudawa, kwana biyu, shi ke nan.

Na san sunan abin. Ba zan rubuta ba.

Mutum shida ne a kwance a unguwa yanzu. Na jera su a kaina ina wanke-wanke. Duka shidan sun zauna a gidan Baba Kaleb.

Litinin, ƙarfe 4:00 na yamma

Na dawo daga gidan Hellen.

Tun ina yarinya a kwatas ɗin reluwe nake ganin wannan abu, amma sai yau na kalle shi. In an yi rasuwa, mutanen gidan ba sa jan ruwa, ba sa hura wuta. Kowace mace ta Zumuntar Mata takan ja bokiti daga rijiyarta, ta ɗauki damin itace, ta zo ta juye ruwan a babban duro da ke ƙofar gida, sannan ta shiga gaisuwa. Ruwan nan shi ne "na zo". Wadda ta zo hannu wofi za a yi shekara ana maganarta. Maƙwabta ma suna kawowa. Maijidda, da katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da biyu, Musulma ce, waina take sayarwa a ƙofar gidanta, amma ba ta taɓa fashi ba. Takan juye nata, ta yi gaisuwa, ta fita kafin a fara waƙa.

Na kai bokiti biyu kamar kullum. Ina juyewa idona ya sauka kan moɗar da aka ɗaura wa duron. Yara suna sha, dattawa suna sha, masu kuka suna wanke fuska. Ruwan rijiya nawa ne a ciki?

Na koma gida na ɗauko kwalbar gwaji, na dawo na ɗebi ruwan duron a ciki. 'Yan ƙananan kwalabe ne da nake haɗawa da kaina tun lokacin digirina na biyu, da na bi rijiyoyi sittin daga nan har Manchok da Godogodo. Akwai 'yar takarda mai sinadari a ciki. A zuba ruwa a rufe. In ruwan na da tsabta, yana nan rawaya-rawaya. In bayan gida ya taɓa shi, cikin kwana ɗaya ko biyu ya zama baƙi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shekara ashirin da huɗu ina koyar da kemistiri, babu darasin da yara ke so kamar wannan, saboda warin.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe 5:30 na yamma

Baƙi. Ko kwana ɗaya da rabi bai yi ba. A rijiyoyi sittin ɗin can, sau biyu kaɗai na ga mai saurin wannan.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe 6:45 na yamma

Na yi abin da na saba. Na buɗe baki.

Yau taron Zumunta, a gidan Hellen aka yi shi. Na bari aka gama addu'a na miƙe na ɗaga kwalbar. Na ce a daina zuba ruwa a duro ɗaya, rijiyar ɗaya daga cikinmu ce ke kwantar da mutane, muna ɗaukar ta a kai muna rabawa gida-gida da waƙa.

Mama Lucia, shugabarmu, ta gyara ɗankwali ta ce, "Faustina, ki zauna. Nan ba aji ba ne. Abin nan iyayenmu suka bar mana. Za mu shiga gidan mutuwa hannu wofi kaman awaki?"

Na ce, "Mama, awaki ba su kashe Hellen ba."

Wata daga baya ta ce, "Madam ta fara." Wannan "ta fara" ɗin ne ya hau mini kai. Na ce a ba ni sunan duk wadda ta zuba ruwa a gidan Baba Kaleb, zan bi rijiyarta. Na fara kiran su ɗaya-ɗaya, wannan babu murfi, waccan aladu na kwana a bakinta. Sannan na ce, "Ko ta Maijidda da ke bakin kwata, sau nawa na gaya mata?"

Yafet yana can gefe yana ɗaure rumfa. Ƙanin Gershon ne, shi ne shugaban samarin da ke gadin unguwa tun lokacin tashin hankalin can. Na ga hannunsa ya tsaya a kan igiya.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe 1:15 na rana

Na je sayen zaren saƙa a kasuwa. Mai zaren, wadda ba ta san ni ba, ta rage murya ta ce in yi hankali, wai a unguwarmu an sa magani a ruwa, wata malamar kimiyya ta gano, ta ma faɗi sunan wadda ta sa.

Ban sayi zaren ba.

Da na dawo, tandar Maijidda tana kan wuta, waina ta cika roba, babu mai saye ko ɗaya. Da safe layi ake yi mata.

Ban manta abin da ya taɓa faruwa a garin nan ba. Babu wanda ya manta, shi ya sa ba ma faɗa. Na san yadda yake farawa. Ba da wuta yake farawa ba, da "an ce" yake farawa. Gidan Maijidda mutum bakwai ne, har da tsohuwar surukarta da ba ta gani. Su kaɗai suka rage a layinmu, sauran sun tsallaka can gefen gari tun tuni. In ban nemo rijiyar nan na nuna ta ba, za a nuna musu hanya, in sun yi sa'a.

Ni na kira sunanta. Ni, da digiri biyu.

Jumma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe 5:50 na yamma

Milimita arba'in da huɗu. Lambuna ya zama tafki, furannin duk sun kwanta.

Mama Lucia ta aiko mini da sunaye ba tare da gaisuwa ba. Na kwafe su, rijiya goma sha uku. Na bi su cikin taɓo tun safe, na ja ruwan da hannuna, na liƙa wa kowace kwalba suna. Wasu sun ba ni kujera. Wata ta ce, "Madam, ki gwada da kyau fa, mu ba mu kashe kowa ba." Na ce ruwa nake gwadawa ba zuciya ba.

Maijidda na bari ƙarshe, don tsoro. Ta buɗe mini ƙofa ta ce, "Malama, sannu da aiki." Ba ta ce Maman Joanna ba. Ta ɗaga murfin rijiyar da kanta. Ashe ta ɗaga bakin da bulo layi uku, ta shafe da siminti, tun shekarar da na yi mata faɗan kwata. Ban taɓa leƙawa ba. Na yi faɗan na wuce.

Na ce, "Maman Zahra'u, ba abin da nake nufi ke nan ba."

Ta ce, "Na sani. Amma dutsen da aka jefo kan kwanonmu jiya bai sani ba."

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe 3:00 na rana

An binne Hellen. Na buɗe baki in yi waƙa, babu abin da ya fito.

Lahadi, 10 ga Agusta, ƙarfe 2:30 na rana

Emilia, 'yar Rachael ta Zumuntarmu, ta rasu. Shekara huɗu. Ita ce mai zuwa lambuna tana cire furanni tana cewa Allah ne ya ce ta cire.

Ma'aikatan lafiya sun zo bayan sujada, sun yi bayani a kan tafasa ruwa da haɗa ruwan gishiri da sukari, sun ɗebi ruwa a wasu gidaje. Sun ce sakamako sai ya je ya dawo, kamar mako biyu. Ba mu da mako biyu.

Lahadi, ƙarfe 6:10 na yamma

Kwalabe goma sha uku a kan teburina, kwana biyu cif. Biyu sun yi toka-toka, irin na rijiyar da ba ta da murfi. Sauran rawaya. Ta Maijidda ta fi kowace haske. Babu baƙa.

Babu baƙa. To daga ina?

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe 5:00 na yamma

Gidan Rachael. Na riga kowa zuwa na tsaya a bakin duro da robar kilorin. Mata suna juyewa ina ɗigawa ina motsawa. Suka ce yana warin asibiti, ba za a ba mai makoki ruwan wanke gawa ba. Da na shiga ciki gaisuwa, sai suka kafa wani duro a bayan gida. Sai da na fito na gani, an riga an fara sha.

Na yi ihu har Fasto ya leƙo. Mama Lucia ta ce, "Ki bar mu mu yi kuka a hanyanmu, Faustina." Na ce to, in dole sai sun sha ɗanye, su sha wanda na sani. Na koma gida na ja bokiti biyu, na sake jan biyu, na cika musu duron bayan. Rijiyata zobe goma sha biyu na siminti, Gershon ya sa aka jera su a kan idona, da murfin ƙarfe da kwaɗo.

Maijidda ba ta zo ba. Karo na farko. Kowa ya lura.

Na tare Yafet a hanya na nuna masa kwalbarta. Ya ɗaga ta sama ya kalla ya yi dariya.

"Matanmu, ke kin yi karatu da yawa. Magani ba ya fita a kwalba."

"Babu magani, Yafet. Kashi ne. Kashin mutum."

"To na wane? Kin gwada duka rijiyan namu, kin ce babu. Wa ya rage? Yau ba ta zo ba. In ciwo ya tsaya daga yau, ai kin ga amsa."

Na ce masa kansa kamar tukunyar da aka kife. Ya ce, "Ni ina riƙe yaran nan da haƙori, Madam. In wani ya sake mutuwa, ba za su ji maganata ba."

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe 7:00 na safe

Milimita goma sha takwas. Na warware rigar sanyin da nake saƙa wa Joanna, na sa hannu uku.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe 12:40 na rana

Mutum tara sabbi. Duk daga gidan Rachael. Har da Dattijo Boaz, mijin Mama Lucia, an kai shi asibiti a keke-napep, ƙafafunsa na lilo.

Maijidda ba ta zuba ba wannan karon. Na ɗauka wannan zai wanke ta. Na gaya wa mutum uku a layi. Ɗaya ta ce, "Ai da dare suke zuwa." Ɗaya ta ce, "'Yarta ta wuce ta bayan gidan, an gan ta." Na karanta tarihin annoba da yawa, na ƙasashe da yawa, kullum sai an samu wanda aka gani ya wuce ta bayan gida. Ina karantawa ina jin na fi su wayo.

An rubuta wani abu da gawayi a katangar Maijidda. Na ɗauki tsumma na goge. Wasu samari biyu suna zaune a kan kwalbati suna kallona, ɗaya ɗalibina ne na da. Bai gaishe ni ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe 6:30 na yamma

Na shiga wurin Maijidda. An naɗe katifu, an ɗaure tukwane a zani. Tsohuwar tana zaune a kan buhu da carbi tana tambaya wai ina za a je, wa ya yi aure. Mijin Maijidda ya je neman mota, masu mota sun ce ba sa shigowa layinmu.

Na zauna a kan turmi na buɗe mata takardata, don ta ga ina ƙoƙari. Na karanta mata sunayen goma sha uku, da sakamakon kowace. Na ce ban gane ba, na bi kowa.

Tana ninke zani. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ban ji naki ba."

Na ce, "Nawa me?"

"Sunanki. Ni dai duk gidan da na je, ke nake tararwa kin riga kowa juyewa. Bokiti biyu ma."

Na yi dariya. Na ce mata zobe goma sha biyu. Na ce mata murfin ƙarfe. Na ce a gidana ko ciwon ciki ba a taɓa yi ba.

Ta ce, "Ai ke komai tafasawa kike yi, Malama. Ko ruwan wanke baki. Muna jin ƙarar butarki ta kan katanga tun asuba."

Jumma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe 6:15 na safe

Milimita bakwai.

Jumma'a, ƙarfe 11:00 na safe

Na share kicin. Na goge tagogi. Na jera littattafaina bisa tsawo, abin da na tsana.

Jumma'a, ƙarfe 4:20 na yamma

Maijidda, matar da ba ta gama firamare ba.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe 7:05 na safe

Na ja ruwan rijiyata. Kwalba biyu, don kada in ce kuskure ne. Ban rubuta suna a kansu ba. Na sa su cikin kabad na rufe.

Asabar, ƙarfe 3:30 na rana

A watan Maris, da dangin Gershon suka taso daga ƙauye bayan abin da ya faru, mutum goma sha shida suka kwana a ɗakunan baya har wata uku. Bayi ɗaya bai ishe su ba. Yafet ya zo da diga ya haƙa masai bayan gonar citta. Ya tambaye ni, "Nan ya yi?" Ina makin jarrabawa, na leƙa ta taga na ce ya yi. Rani ne, ƙasa kamar dutse. Goggon su Yafet ma ta sake zuwa a Yuli, ba lafiya, ta yi kwana biyar tana zarya can.

A aji nakan sa yara su maimaita: taku arba'in tsakanin masai da rijiya, kuma kada masai ya kasance ta sama. Wanda ya manta nakan cire masa maki biyar.

Na fita na taka. Goma sha ɗaya. Na sake, da ƙananan taku. Goma sha uku. Ta sama yake.

Lahadi, 17 ga Agusta, ƙarfe 9:40 na safe

Ban je sujada ba. Ina jin waƙarsu daga nan. Ban buɗe kabad ɗin ba, ba sai na buɗe ba. Warin ya cika ɗakin.

Lahadi, ƙarfe 5:45 na yamma

Bari in rubuta wannan, don in ga yadda yake a takarda.

Ina da kilorin da zai ishi rijiya uku. Zan iya zubawa yanzu, in sa kwaɗo, in ce gugana ya tsinke. In cike masan da ƙasa in shuka rogo a kai. Ba zan ƙara kai ruwa gidan kowa ba. Ciwon zai tsaya. Babu wanda zai sake mutuwa. Babu wanda zai sani.

Kuma kowa zai ce ya tsaya ne da aka tsare Maijidda.

Na yi awa ɗaya ina kallon wannan layin. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ƙyama na ji ba da tunanin ya zo. Sauƙi na ji.

Rachael za ta kalle ni. Ita nake tsoro. Ba Yafet ba, ba samarinsa ba. Ita ce ta riƙe mini bokiti ranar Litinin ta ce, "Anti, Allah ya saka, naki ne mai kyau." Emilia tana ƙasa kwana ɗaya a lokacin. Ruwan da na kai gidan Hellen ne ya kai ta.

Ubangiji, ba na roƙon komai. Ban san me zan roƙa ba.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe 8:10 na safe

Dattijo Boaz. Yanzu aka buga ƙararrawar rasuwarsa.

Samari sun fara taruwa a kan kwalbati. Na ƙirga goma sha huɗu ta taga. Ba sa surutu.

Litinin, ƙarfe 6:50 na yamma

Bari in rubuta yadda aka yi.

Na fita da bokiti ba komai a ciki sai kwalaben nan biyu. Na bi ta gaban samarin na ce wa Yafet, "Taho, kai da su. Na samo rijiyar." Suka biyo ni, ina jin takunsu a bayana. Ban kalli ƙofar Maijidda ba.

Gidan Mama Lucia mata sun yi layi da bokitai a kai. Na wuce gaba, na ciro abin da ke ciki, na kife bokitina a kan bakin duron. Na ɗaga kwalaben. Na shirya magana mai tsawo a hanya, ta gudu. Na ce, "Tawa ce. Rijiyata ce. Ni na kai gidan Baba Kaleb, ni na kai gidan Hellen, ni na cika duron bayan gidan Rachael. Na gwada ta kowa ban gwada tawa ba."

Sai Yafet ya ce, "Madam, ki daina rufa masu asiri. Nawa suka ba ki?"

Ban zage shi ba. Na ce, "Zo ka taka."

Muka dawo gidana, mutum sun fi hamsin, suna tattake furannina. Na tsayar da shi a bakin masan na ce, "Wa ya haƙa?" Na ce, "Wa ya ce ya yi? Ni. Taka zuwa rijiya, ka ƙirga da ƙarfi." Ya taka. Shi dogo ne, tara ya samu. Na buɗe murfin, na ɗauki madubi na karkato hasken rana ciki. Tsakanin zobe na uku da na huɗu, ta ɓangaren masan, ruwa na tsattsafowa, ya bar baƙin layi har ƙasa. Ɗalibina na da ya leƙa ya daɗe. Ya ɗago ya ce wa sauran, "Taku arba'in ne. Ta koya mana." Na buɗe kwalba ɗaya na miƙa, suka ja baya suna toshe hanci.

Yafet ya zauna a kan bakin rijiyar ya riƙe kai. Samarin suka fara zamewa bibbiyu, kamar an tashi daga kallon ƙwallon da aka ci su.

Mama Lucia ta zo a ƙarshe, mata biyu na riƙe da ita. Ta leƙa. Ta ce, "Shekara ashirin kina koya mana wanke hannu." Ta juya ta ce a zubar da duron, a ɗora manyan tukwane.

Rachael ba ta shigo ba. Tana tsaye a ƙofa. Na je wurinta na durƙusa a taɓo. Ta kalli saman kaina ta ce, "Ki tashi, Anti, zaninki zai ɓaci." Ta tafi.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe 1:00 na rana

Yafet ya zo da mutum biyu, sun cike masan, sun zuba wa rijiyar siminti a baki. Bai ce mini matanmu ba, ban ce masa komai ba. Na kai wa ma'aikatan lafiya rahoto a rubuce, shafi huɗu, da sunana a sama.

Babu sabon wanda ya kwanta tun jiya.

An jefo dutse kan kwanona da hantsi. Ɗaya ne, ƙarami. Na zauna ina jiran na biyu.

Jumma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe 10:30 na safe

Ruwan da na tara ya ƙare jiya. Na ɗauki bokiti na tsaya a ƙofata ina duban layin, gida-gida. Kowane gida na san wanda ya kwanta a ciki.

Na ƙwanƙwasa wa Maijidda.

Ta daɗe kafin ta buɗe, kuma rabi ta buɗe. Ta kalli bokitin. Ta bayanta ina hango katifun, har yanzu a naɗe, tukwane a ɗaure. Tandar waina ce kaɗai aka kwance, tana jingine da bango ba a wanke ba.

Na ce, "Maman Zahra'u, ruwa nake roƙo."

Ta ce, "Na bakin kwata?"

Na ce, "Shi."

Ta karɓi bokitin, ba ta ce in shigo ba. Ina jin guga yana sauka, yana bugun ruwa, yana hawowa. Tsohuwar tana tambaya daga ciki wace ce, Maijidda ta ce, "Malama ce, Inna." Ta dawo ta ajiye shi a bakin ƙofa, ta ɓangarena.

Na ce, "Za ku zauna?"

Ta goge hannu a zani. Ta kalli kwalbatin can, babu kowa a kai sai akuya.

Ta ce, "Gobe ki zo da wuri. Ban san jibi ba."